Mai Riƙe Agogo

Saura taku kaɗan ta kai layin ƙarshen tsere, ƙanwata ta dafe cinya ta faɗi. Agogon gudu na hannuna, na kasa danna shi.

Baba ne ke horar da ita, amma tun da idonsa ya yi rauni ni ke duba masa lokaci. Masu zaɓe sun ce duk wadda ta gama mita ɗari ƙasa da sakan goma sha biyu za su tafi da ita sansanin horo.

Ta cika sharaɗin tun makonni uku kafin faɗuwar. Na ga lambar da idona, sai na tuna ɗakinmu babu ita, da yadda take amsa wa baƙi in kunya ta rufe min baki. Na ce, "Sha biyu da ɗigo uku, Baba."

"Kin ji ko, sarauniyar barci?" in ji shi. "Gobe sai taya."

Ya ɗaura mata tayar mota a ƙugu. Kullum tana ja, kullum ina ƙari a kan lokacin da agogo ya nuna, har tsokar cinyarta ta tsinke.

Likita ya ce sai wata shida. Masu zaɓe sun zo sun tafi.

Yau na kai mata ruwa gado, na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya. Ta riga ni, ta zaro agogon daga ƙarƙashin matashi ta damƙa min.

"Ajiye, Yaya. In na warke ke za ki riƙe min. Ban yarda da hannun kowa ba sai naki."