Shafin da Na Juya wa Baba

'Ya'yan kafil, Balaraben da Baba yake yi wa direba, su suka jefar da littafin, shi kuma ya tsinto mini saboda na fara karanta Turanci. Tarihin Amurka ne, yana ta ƙamshin turaren gidansu.

Bayan la'asar muna zaune a ɗakinmu na unguwar Shumaisi, can ƙasar Larabawa, sai Baba ya ɗora yatsa kan hoton wani baƙin mutum riƙe da 'yar takarda, Turawa biyu sun tare shi a hanya.

"Me ya yi, 'yata?"

Na haɗa kalmomin da ƙyar. "Bawa ne a gonar auduga. Za shi ganin mahaifiyarsa a wata gona, amma sai ya nuna izinin ubangidansa."

Sati uku ke nan Kaka, mahaifiyar Baba, na kwance ba lafiya a gida Damagaram, fasfonsa kuma yana hannun kafil. Kullum in ya nemi fasfon, amsar ɗaya ce: "Bukra, inshallah," wato sai gobe.

"Juya shafin, mu ga ko ya gan ta."

Na juya, sai jiragen ƙasa da masana'antu. Na ƙara juyawa, na ƙara. Littafin bai sake bi ta kan mutumin ba.

Wayar Baba ta yi ƙara, kafil ne. Sai da ya miƙe tsaye kafin ya amsa, sannan ya ɗauki makullin mota.

Shi dai bai sake ganin Kaka ba. Har yau haushin kaina nake ji, don Baba bai iya boko ba. Me ya hana in ce masa, "Ya gan ta, Baba"?