Wace Ce Mandakini?

Ɓarayi sun sake shiga wayar mahaifiyata, wadda muke ce wa Ayi, wato Mama, suna aika wa dangi saƙon ƙarya da sunanta. Har ƙanwar Baba da ke Satara ta daina gaishe ta.

"Ayi, da sunana kika yi kalmar sirri, sannan da na Baba," na ce. "Ko mai shayin bakin titi zai canka. Nemo kalmar da babu wanda ya sani."

"To, malamin waya," ta ce. Na leƙa tana dannawa da yatsa ɗaya: Mandakini.

Raina ya ɓaci. "Suna kuma? Wace ce wannan? In 'yar'uwa ce, gobe za su gano."

"Ba za su gano ba, Shirish."

"Yaya kika sani?"

Ta kife wayar a cinyarta. "Ranar aurena babanka ya raɗa mini sabon suna, Sulochana, ya rubuta da zobe a farantin shinkafa, yadda ake yi wa amarya a al'adarmu. Daga nan kowa ya bi. Waɗanda suka san ni da Mandakini duk sun rasu."

Ta dube ni.

"Kai ma da ta haifa, ga shi kana tambaya."