Uwar Direban

"Khala, ba zan ɓoye miki ba," in ji Lauya Othman, yana kiranta inna da Larabci. "Giyar da aka samu a jinin Musaddiq ta yi yawa ƙwarai. Babu alƙalin da zai yarda cewa cikin hayyacinsa yake tuƙi."

Mastura ta gyara mayafinta. Tun daga unguwar Bab Makka ta tako da ƙafa zuwa ofishinsa a unguwar Bagdadiyya, don tun ranar hatsarin ba ta iya shiga mota.

"Me za su yi wa ɗana?"

"Kurkuku. Idan ya gama, su soke iƙamarsa ta zama a ƙasar nan, su tura shi Najeriya."

"Najeriya? A nan unguwar Balad fa na haife shi. Hausar ma da ƙyar take fita a bakinsa. Wa ya sani a can?"

"Wannan haƙƙin hukuma ne, ba ni da yadda zan yi da shi. Amma akwai haƙƙin yarinyar da ya take ta rasu. Idan iyayenta suka yafe a gaban alƙali, zai samu sauƙi. Sakamakon jini kaɗai aka ba ni, ban san 'yar waye ba. Idan kin san gidansu, yalla, tashi mu je mu roƙi uwar."

Mastura ta ɗago ta dube shi.

"Ba sai mun je ko'ina ba, ustaz. Sunanta Nuf, autata ce. Ƙarar motar yayanta ta ji, ta fito da gudu ta tarbe shi. Kullum da asuba nakan ce na yafe. Kafin azahar sai in kasa."