Fitilar Bakin Tafkin Gosaikunda

Kwana biyar Karsang yana hawan dutse da kayan Turawa a bayansa, igiyar dako ta ci masa goshi. A bakin tafki, Urgen jagoran tafiyar ya tara baƙin, yana zuba Turanci, murya na rawa. Wata Baturiya har da hawaye.

"Dattijo, kawo fitilar man shanun nan," in ji Urgen.

Karsang ya kunna, ya kare ta daga iska da tafin hannunsa, kamar kullum.

Da suka sauko gidan shayi, ya tare Yangdol mai gidan a murhu.

"Ƙanwata, ke da kike jin yarensu, wa muke kunna wa fitilar nan ne?"

"Sha shayinka, zai huce."

"Tambayarki nake."

Ta sunkuyar da kai. "Mahaifin Urgen, wai. Ƙanƙara ta binne shi a can. Baƙi na son labarin."

Karsang ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Shekara uku ke nan yana kunna wa kansa fitilar mamaci, Urgen, ɗan da ya haifa, na miƙo masa ashana.