Dokar da Haris Ya Sani

Na miƙa wa Haris wayata a zauren gidanmu. Sati uku ke nan da sa mana rana. Ya zo mini da soyayyen kifi daga bakin gada, ƙanshinsa ya cika zauren.

"Karanta," na ce. "Sun hana ni bizar aiki. Wai dole mai nema ya kasance a cikin Birtaniya ranar da ya nema, ni kuwa a nan Haɗeja na cike takardar neman. Bizar karatuna kuma ta ƙare."

Ko kallon wayar bai yi ba. "Ƙaddara ce, Mardiyya. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Bakinsa na jajantawa, idonsa na murmushi. Nan na tuna shi ya matsa in dawo a sa ranar, ya ce neman biza ai ko daga Auyo ana yi, tunda ta intanet ne.

"Ka san dokar nan?"

Ya shiga murɗa bakin ledar kifin.

"Haris, da kai nake. Ka sani?"

"Na sani!" ya ce a fusace. "Ki ƙara shekara biyu a can, wa ya ce za ki dawo mini?"

Na fizge wayata. 

"Gobe Kawu zai mayar muku da goronku. Ɗauki kifinka."