Ramin Soso

"Ramin soso? Wannan ai na 'yan shagwaɓa ne," in ji Gavin, yana hararar masu koyon alkafura da katako mai taya a rumfata da ke garin Geelong, suna faɗawa cikin ramin da muka cika da soso don kada su ji ciwo. "Mu a kan siminti muka koya, abokina."

Shekara uku yana wannan wa'azi, da furfurarsa. Sai gasar tsofaffin hannu ta matso, alkafura kuwa ta ƙi shi.

Ranar Litinin da sassafe ya lallaɓo, don kada kowa ya gani. Ya gangaro a guje a kan katakonsa, ya tashi sama, ya nufi ramin.

Da ya taɓa kusantar wurin, da ya san Litinin muke kwashe soson mu wanke.

A asibiti na ce, "Sannu, gwani. Ka dai samu simintinka."