Warin Ƙarfe a Tafin Hannuna

Shekarar da gwamnati ta haƙa mana burtsatse a Runka, Inna ta rasu wajen haihuwa. Tun daga ranar Baba ya hana mu shan ruwan famfon. Ya ce masu haƙawa sun zuba magani a ciki don a rage mu. Mutane suka gaji da maganar, har suka daina zama a tabarmarsa.

Wata la'asar na taso daga kiwon awaki, ƙishirwa ta dame ni, na tara hannu a famfon na sha. Da na isa gida na iske Baba shi kaɗai a gindin itacen bedi yana ɗinke gugan tsohuwar rijiyarmu. Ya kama hannuna ya shinshina. Ruwan nan yana barin warin ƙarfe a fata.

"Ka sha ke nan," in ji shi.

"Baba, kowa na sha, ba wanda ya mutu. Liman ma ya ce kwanan Inna ne ya ƙare."

Na runtse ido ina jiran mari. Sai ya sake ni, ya dubi ƙofar ɗakin Inna.

"Na sani, ɗan nan. To in ba su ba ne, da wa zan yi fushi? Tsoron abin da zuciyata za ta ce wa Ubangiji nake yi."

Ban gane ba, na ruga wajen wasa na bar shi. Yau da na binne nawa mutanen, na san abin da yake so ke nan in zauna kusa da shi har magariba, ko ban ce komai ba.